Hukuncin Toshe Abokin Wasa Da Iyakarsa A Shari'a

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya sanya muminai 'yan'uwan juna, Ya haramta gaba a tsakaninsu. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugaban manzanni, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, a wannan mako filin zai yi magana ne a kan wata al'ada da ta shigo hannun matasa tare da wayar salula, watau toshe mutum, abin da su da kansu suke kira bulokin. Saurayi yana wasa da abokinsa ta intanet, sai gardama ta haɗa su, sai ya danna wuri guda a wayarsa, shi ke nan abokin ba zai iya aiko masa da saƙo ba, ba zai iya gayyatarsa wasa ba, ba zai kuma san halin da yake ciki ba. Wani lokaci kuwa shugaban zauren wasan ne zai fitar da mutum, ya hana a mai da shi. To, shin wannan ya halatta ga Musulmi? In kuwa ya halatta, ina iyakarsa?

Daga gindin bishiya zuwa tafin hannu

Duk wanda ya san ƙasar Watari, a yankin Bagwai da ke arewacin Jihar Kano, ya san ƙasa ce ta manoma, garuruwa kusa da juna, gona tana gogar gona. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Watari a ƙarshen shekarun 1970, mutanen wurin suka sami noman rani ƙari a kan na damina, ana fitar da shinkafa da tumatur da albasa da masara. Irin wannan zama kuwa ba ya yiwuwa sai da haɗin kai, domin ruwan da ya shayar da gonar wannan, hanya guda zai bi ya gangara ya shayar da ta wancan, kuma hannun da ya taya mutum aikin gayya yau, shi ne zai ɗauki makararsa gobe.

A da, idan an taso daga gona, magidanta sukan zauna a gindin bishiya su haƙa gurabun dara, samari kuwa su fita dandali da farin wata a yi langa, bayan kaka kuma a yi kokawa. A can ma akan yi musu, akan yi fushi, har wani ya watsa 'ya'yan dara ya tashi. Amma fushin ba ya yin nisa, domin da asuba sahu ɗaya zai haɗa su, ga kuma dattawa suna gani, kafin kwana biyu an kira su an ce, "Haba, wane, a kan dara?" Sai kunya ta kama kowa, a yi musafaha, a koma.

Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, sa'an nan daga baya manyan wayoyi masu intanet suka bazu har ƙauye. Wasanni kamar Ludo King da ya fito a 2016, da Free Fire na 2017, da PUBG Mobile na 2018, da wasan ƙwallon ƙafa na eFootball, duk suna haɗa mutum da abokin wasa, ko na bayan katangarsa ko na wata nahiya. Matasa kan buɗe zaure a WhatsApp inda suke shirya gasa, suna yi wa juna ba'a, suna sanar da wanda ya ci da wanda aka cinye. Ba'ar nan ita ce kan rikiɗe ta zama zagi, zagi ya jawo toshewa. Abin da ya bambanta wannan da faɗan dara shi ne, babu dattijon da ya gani. Sai a wayi gari samari biyu da ke ban ruwa a layi ɗaya sun yi wata uku ba sa gaisawa, iyayensu ba su san dalili ba, har abin ya taɓa rabon ruwa, ya taɓa zumuncin gidaje biyu. Wannan shi ne abin da Bahaushe ke kira gaba, malamai kuwa suna kiransa hijrani, kuma Shari'a ta riga ta yanke masa hukunci tun kafin a san waya.

Kwana uku

Imamu Malik a cikin Muwaɗɗa, da Buhari da Muslim, sun ruwaito daga Abu Ayyubal Ansari, Allah Ya yarda da shi, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya haramta wa Musulmi ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da dare uku, su haɗu kowa ya kau da kai, ya kuma bayyana cewa mafificinsu shi ne wanda ya fara yin sallama. Imamu Nawawi, a sharhinsa na Sahihu Muslim, ya yi bayanin hikimar kwana ukun, cewa an halicci ɗan Adam da fushi, saboda haka aka yi masa rangwamen wannan ɗan lokaci domin zuciyarsa ta huce. Ashe ke nan addini bai ce kada mutum ya yi fushi ba, bai kuma tilasta masa ya yi wa wanda ya zage shi dariya nan take ba. Abin da ya yi shi ne ya sa wa fushin wa'adi.

Wanda ya tsallake wa'adin kuwa, ya shiga haɗari babba. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa ana buɗe ƙofofin Aljanna kowace Litinin da Alhamis, a gafarta wa duk bawan da ba ya yin shirka, in ban da mutum biyu da ke da gaba a tsakaninsu, su sai a ce a jinkirta musu har sai sun shirya. Mai hankali ya yi lissafi: gabar wata uku ta ƙunshi Litinin da Alhamis fiye da ashirin, kowace ta wuce ana ɗage gafararsa, a kan wasan da ko sisin kwabo bai ƙara masa ba. Har wa yau Abu Dawuda ya ruwaito cewa ƙaurace wa ɗan'uwa shekara guda kamar zubar da jininsa ne. Ya kuma ruwaito mafita ga wanda yake son kuɓuta: idan kwana uku sun cika ya je ya yi masa sallama, in ya amsa sun yi tarayya a lada, in ya ƙi amsawa, zunubin ya koma kansa shi kaɗai.

Ko manyan bayin Allah sun gamu da wannan jarrabawa. Buhari ya kawo labarin Uwar Muminai Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, lokacin da wata magana ta ɗan 'yar'uwarta Abdullahi ɗan Zubairu ta ɓata mata rai, har ta yi bakancen ba za ta sake yi masa magana ba. Da abin ya daɗe, sai Miswar ɗan Makhrama da Abdurrahman ɗan Aswad suka shigar da shi wurinta, suka yi ta tuna mata hanin Manzon Allah, tana kuka, har ta yi masa magana, ta 'yanta bayi arba'in saboda bakancen da ta yi. Idan wannan shi ne halin Uwar Muminai da aka tuna mata, to, mene ne uzurin saurayin da ya rantse ba zai buɗe abokinsa ba har abada? Rantsuwa irin wannan, abin da Shari'a ta ce shi ne a karya ta a yi kaffara. Sayyidina Abubakar ma ya rantse ba zai ƙara ciyar da Misɗahu ba bayan ƙazafin da aka yi wa 'yarsa, amma da aya ta 22 ta Suratun Nur ta sauka tana kira zuwa ga yafiya, sai ya mai da masa abin da yake ba shi.

Shin kowace toshewa gaba ce?

Idan mai tambaya ya ce, ai danna waya ba kau da kai ba ne, sai a ce masa hukunci yana bin ma'anar abu da abin da ya haifar, kuma mas'alar tana da fuskoki.

Fuska ta farko, mutum ya toshe abokinsa a cikin wasa kaɗai, saboda ya lura duk lokacin da suka kara sai sun yi faɗa, amma idan sun haɗu a masallaci ko a bakin kasuwa suna gaisawa da sakin fuska, in ɗaya ya yi rashin lafiya ɗayan ya je dubiya. Wannan ba gaba ba ce. Babu wanda Shari'a ta wajabta wa yin wasa da wani. Haƙƙin Musulmi a kan ɗan'uwansa, kamar yadda ya zo a hadisin Abu Huraira, shi ne amsa sallama, da dubiya, da rakiyar gawa, da amsa gayyata, da yi wa mai atishawa addu'a. Wasa ba ya cikinsu. Barin abin da ke kawo husuma ma hankali ne, domin da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Fuska ta biyu, ya toshe shi a waya, a fili kuma ya daina yi masa magana, ko ya canza hanya in ya hango shi. Wannan ita ce ainihin gabar da aka haramta bayan kwana uku, toshewar kuwa alama ce kawai ta abin da ke cikin zuciya.

Fuska ta uku ita ce wadda mutane suka fi gafala da ita. Samari da yawa na ƙasar Kano suna tafiya ci-rani Legas ko Fatakwal ko Abuja, su yi watanni. Wanda yake can, ba shi da wata hanyar gaisuwa da na gida sai waya. Idan aka toshe shi, an yanke iyakar igiyar da ta rage, ko sallamar sulhu ya so ya yi, ba ta da ƙofar shiga. Nawawi ya kawo saɓanin malaman mazhabarsa a kan wanda ya rubuta wa abokin gabarsa wasiƙa ko ya aika masa manzo alhali ba ya gari, ko wannan yana ɗauke zunubin ƙauracewa, ya ce maganar da ta fi inganci ita ce yana ɗaukewa, domin ɓacin zuciyar ya gushe. To, idan saƙo yana warware gaba ga wanda ke nesa, lalle rufe hanyar saƙo yana ƙulla ta. Wanda ya toshe ɗan ci-rani fiye da kwana uku a kan fushin wasa ya haɗa laifi biyu: ya ƙaurace masa, ya kuma hana shi zama mafificin da ke fara sallama.

Sa'an nan malamai sun yi magana a kan abin da ke fitar da mutum daga gaba. Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya faɗa a cikin Risala, littafin da ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, cewa sallama tana fitar da mutum daga ƙauracewa, amma bai kamata ya bar yi masa magana bayan sallamar ba. An kuma ruwaito daga Imamu Ahmad cewa ba ya kuɓuta sai ya koma halin da suke a da. Bisa ga haka, buɗe mutum a waya ba tare da ko gaisuwa ba bai wadatar ba. Abin da ake nema shi ne zuciya ta saki.

Idan kuwa wanda aka toshe ɗan'uwa ne na jini, wa ko ƙane ko ɗan baffa, to, magana ta tashi daga gaba ta koma yanke zumunci, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito daga Jubairu ɗan Muɗ'im cewa mai yinsa ba ya shiga Aljanna. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Balle kuma yaron da zai toshe lambar mahaifinsa domin kada kira ya katse masa wasa. Wannan saɓa wa iyaye ne, yana cikin manyan zunubai.

Inda toshewa ta halatta, har ta wajaba

Kada kuma wani ya fahimci cewa an ce mutum ya bar ƙofarsa a buɗe ga kowane mai cutarwa. Ibnu Abdil Barri, malamin Malikiyya na Andalus wanda ya rasu a 463 bayan Hijira, ya ambata cewa malamai sun haɗu a kan haramcin ƙauracewa fiye da kwana uku, sai fa ga wanda ake tsoron hulɗa da shi za ta ɓata wa mutum addininsa ko ta jawo masa cuta a duniyarsa. Wannan an yi rangwamen nisantarsa, domin rabuwa cikin mutunci ta fi cuɗanya mai cutarwa. Alƙur'ani mai girma ya yi umurni a Suratul An'am, aya ta 68, da kau da kai daga masu izgili da ayoyin Allah har sai sun canza magana, a Suratul Muzzammil kuma, aya ta 10, ya yi umurni da haƙuri tare da ƙauracewa mai kyau, watau wadda babu zagi ko ramuwa a cikinta.

Saboda haka ɗan damfara da ke neman lambar asusun banki, da mai aiko hotunan batsa, da mai jan yara zuwa caca, da mai zagin addini, da namijin da ya matsa wa 'yar mutane da saƙonnin banza, duk waɗannan toshe su daidai ne, wani lokaci ma wajibi ne, musamman a kan uba game da wayar ɗansa ƙarami. Babu wa'adin kwana uku a nan, domin ba fushin rai ne dalili ba, tsare addini da mutunci da dukiya ne. Toshewar tana nan muddin cutar tana nan. Haka nan baƙon da wasa ya haɗa mutum da shi sau ɗaya daga wata ƙasa, ya yi masa rashin kunya, toshe shi ba gaba ba ce, tun da dama babu wata hulɗa da aka yanke. Sai dai ba a yarda a rama masa zagi da zagi ba, ko Musulmi ne ko ba Musulmi ba.

Ma'aunin da mutum zai gwada kansa da shi shi ne ya tambayi zuciyarsa: don cuta na toshe shi, ko don ya cinye ni? Sau da yawa amsar gaskiya ita ce ta biyu, sai Shaiɗan ya yi mata ado da sunan ta farko.

Ƙauracewa iri biyu a tarihi

Tarihin Manzon Allah ya ƙunshi misalai biyu da ke raba ƙauracewar gaskiya da ta zalunci. Na farko shi ne abin da Ƙuraishawa suka yi wa Banu Hashim da Banul Muɗɗalib a shekara ta bakwai da Annabci. Suka rubuta takarda suka rataye a cikin Ka'aba, cewa ba saye ba sayarwa, ba auratayya, har sai an miƙa musu Annabi. Aka yi kusan shekara uku a haka, har ana jin kukan yara saboda yunwa. Wannan ƙauracewa ta haɗa mai laifi a wurinsu da marar laifi, ba ta da wa'adi, manufarta kuwa karya mutane. Har waɗansu daga cikin Ƙuraishawan da ba su musulunta ba, irin su Hishamu ɗan Amru da Zuhairu ɗan Abu Umayya da Muɗ'im ɗan Adiyyu, suka ga rashin adalcinta suka tashi suka warware ta.

Na biyu shi ne labarin Ka'abu ɗan Malik da Murara ɗan Rabi'u da Hilalu ɗan Umayya, waɗanda suka ƙi fita yaƙin Tabuka a shekara ta tara bayan Hijira ba da wani uzuri ba. Manzon Allah ya hana a yi musu magana, aka yi dare hamsin a haka, har Ka'abu ya haura katangar gonar ɗan baffansa Abu Ƙatada ya yi masa sallama bai amsa ba. Masu son gaba sukan kafa hujja da wannan labari, alhali kuwa shi ne hujja a kansu. Laifin babba ne da ya shafi al'umma duka. An saurari mutanen kafin a yanke hukunci, suka amsa laifinsu da bakinsu. Shugaban al'umma ne ya yi umurnin. Ba a hana su masallaci ba, domin Ka'abu yana halartar salla cikin jama'a. Da aya ta 118 ta Suratut Tauba ta sauka da karɓar tubarsu kuwa, sai mutane suka yi ta rige-rigen kai musu albishir. Akwai kuma abin lura ga iyaye: a cikin waɗannan kwanaki ne Sarkin Gassan ya aiko wa Ka'abu wasiƙa yana kiransa ya koma wurinsa a girmama shi, shi kuwa ya jefa ta cikin tanderu. Ka'abu sahabi ne mai ƙarfin imani. Yaron da abokansa na gari suka mai da shi saniyar ware, shi ma zai sami masu buɗe masa hannu a intanet, kuma ba lalle ne ya ƙone tasu wasiƙar ba.

Abin da masu wasannin suka gano

Su kansu kamfanonin da ke ƙera wasannin sun ga cewa toshewa marar iyaka tana zama makamin zalunci. Kamfanin Blizzard na Amurka ya fitar da wani wasa mai suna Overwatch a 2016, da damar kowa ya zaɓi wanda ba ya son a sake haɗa shi da shi. Ba a daɗe ba shugaban aikin, Jeff Kaplan, ya bayyana cewa wani gwanin ɗan wasa ya yi kukan yana daɗewa bai sami abokan karawa ba, da aka bincika sai aka tarar ɗaruruwan mutane sun guje shi, ba don ya zagi kowa ba, sai don ya fi su iyawa. Kamfanin ya cire wannan dama a shekarar. Da ya dawo da ita a 2018, sai ya taƙaita ta ga mutum biyu kacal, na kwana bakwai, kuma a matsayin abokin ƙungiya kaɗai. A ɗaya ɓangaren kuma, kamfanin Apple ya sharɗanta wa masu manhajojin da jama'a ke musayar saƙo a cikinsu su samar da hanyar toshe mai cin zarafi. Watau su ma sun isa ga abu biyu: ba a hana wanda ake cutarwa kare kansa, ba a kuma barin mai hassada ya yi yadda ya so. Su ciniki ne ya kai su ga wannan. Musulmi kuwa an ba shi ma'aunin tun fiye da shekara dubu da ɗari huɗu, tare da alkawarin lada.

Ga shugabannin zaure

Wanda aka ba ikon shigarwa da fitarwa a zauren wasa, ko da na mutum ashirin ne, ya sani ya shiga cikin hadisin Abdullahi ɗan Umar da ke nuna kowa makiyayi ne, kuma za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Kada ya fitar da mutum a kan ƙarar wani sai ya bincika, kamar yadda aya ta 6 ta Suratul Hujurat ta yi umurni, sai kuma ya ji ta bakin ɗaya ɓangaren, kamar yadda Manzon Allah ya hori Sayyidina Ali da zai tura shi alƙalanci Yaman. Ya fara da nasiha a keɓe, domin gyara a bainar jama'a tozarci ne. Idan fitarwa ta zama dole, ya faɗa wa mutumin laifinsa da ranar da zai dawo. Kada ya haɗa da ƙanensa ko 'yan unguwarsu, domin wani ba ya ɗaukar laifin wani.

Shari'a ta ba da misali mai sauƙi da manoman albasa za su fi kowa ganewa. An hana wanda ya ci ɗanyar albasa ko tafarnuwa kusantar masallaci saboda warin yana cutar da masallata da mala'iku. Da warin ya gushe, hanin ya gushe, ba wanda zai ce masa tun da ya ci albasa jiya kada ya sake zuwa. Haka kowace warewa ta gaskiya take, tana rataye da dalilinta, in dalilin ya tafi ta tafi.

Sauran 'yan zauren kuma ba su kuɓuta da shiru ba. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Abud Darda'i cewa gyara tsakanin mutane ya fi darajar nafilar azumi da salla da sadaka. Wanda ya san abokansa biyu sun toshe juna, ya kai maganar alheri daga wannan zuwa wancan, in ta fi ƙarfinsa ya sanar da liman ko mai unguwa ko wani dattijo da suke jin nauyinsa. Iyaye kuma su riƙa lura: idan yaron da kullum yake sallama a ƙofar gida ya ɗauke ƙafa, a tambayi dalili, domin ruwa ba ya tsami banza.

Wasan kansa

Musulunci bai hana wasa mai tsabta ba. Manzon Allah ya yi tsere da Nana A'isha, ya bar Habashawa suna wasa da masu a masallacinsa, ya kuma shirya sukuwar dawaki a Madina. Amma duk wasan da aka sa kuɗi a kansa, wanda ya ci ya kwashe, caca ce, kuma Suratul Ma'ida, aya ta 91, ta bayyana cewa da giya da caca Shaiɗan ke jefa gaba da ƙiyayya tsakanin mutane, ya kange su daga ambaton Allah da salla. Da za a bi diddigin toshewar da ke tsakanin samari, da an tarar da yawa daga cikinta kuɗin da aka sa ne asalinta. Haka nan hadisai sun yi hani mai tsanani a kan wasan nardu, wanda ake jefa ƙwayoyi masu ɗigo a cikinsa, saboda haka malamai da dama suka haɗa ludo da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sanya kamuwa da wasannin kwamfuta cikin jerin cututtuka a 2019. Duk da haka, mai Risala da ya hana nardu da shaɗaranji, a wuri guda ya ce babu laifi a yi wa masu yinsu sallama. Idan mai wasan da aka hana bai rasa haƙƙin sallama ba, yaya wanda laifinsa kawai ya zura wa abokinsa ƙwallo uku?

Saboda haka duk wanda wannan bayani ya isa gare shi, ya buɗe wayarsa ya dubi jerin waɗanda ya toshe. Wanda cutarsa ce ta sa, ya bar shi a rufe, ba laifi. Wanda kuwa fushi ne ko hassada ko girman kai, ya buɗe shi, ya yi masa sallama kafin Litinin ko Alhamis mai zuwa, in yana gari ya taka ya same shi, domin zumunci a ƙafa yake. Tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa, kuma babu wanda ya san wanda za a fara ɗauka a makara a cikin su biyun.

Allah Ya haɗa zukatan Musulmi a kan alheri, Ya shiryi matasa, Ya ba iyaye ikon tarbiyya, Ya sa albarka a noma da sana'a, Ya zaunar da ƙasa lafiya, amin. Allah Shi ne Mafi sani.